Na'urar da ke amsa kowa: tambayoyi da amsoshi kan ƙirƙirarriyar basira da zamanmu a Maradi

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Maradi, da yamma kuma nakan zauna da masu son koyon kwamfuta. Shekara biyu zuwa uku ke nan tambayoyi iri ɗaya suna ta dawo mini: daga iyayen ɗalibai a bakin ƙofar makaranta, daga abokai a fada kafin shayi na biyu ya nuna, daga wani Alhaji a babbar kasuwa da yaron shagonsa ya fara rubuta masa wasiƙu da salula. Na ga gara in tattara su wuri guda. Na fara da masu sauƙi, na gangara zuwa waɗanda suka fi damuna. Mai sauri ya nemi tasa tambayar ya karanta, inda wata amsa ta jingina da wata na nuna.

Malam, mece ce wannan ƙirƙirarriyar basirar da ake ta faɗa?

Manhaja ce ta kwamfuta da aka ɗura wa misalai masu ɗimbin yawa har ta iya kwaikwayon ayyukan da a da sai mutum: rubutu, fassara, gane fuska, zana hoto, yin magana. Masu jin Turancin Ingilishi na ce mata AI, ƴan lakwal a nan kuma IA. Sunan ya girmi yawancinmu, don tun 1956 masana suka yi taro a kwalejin Dartmouth ta Amurka ƙarƙashin wannan suna da John McCarthy ya raɗa. Abin da ya kawo ta bakin kowa shi ne ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI ya saki ranar 30 ga Nuwamba 2022. Bayanta aka samu Gemini ta Google, Claude ta Anthropic, Meta AI, da DeepSeek ta ƙasar Sin.

Irin waɗannan masu hira, ga yadda aka gina su. An ba su rubuce-rubuce fiye da abin da mutum zai karanta a rayuwa dubu, suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata. In na ce "gani ya kori", ko yaro a Bagalam zai ƙarasa mini da "ji". Haka suke yi, sai dai a kan biliyoyin jimloli. Daga nan aka ɗauki mutane aiki suna duba amsoshin suna cewa wannan ta yi, wannan ba ta yi ba, har manhajar ta karkata ga abin da mutane suka fi so. A riƙe waɗannan abubuwa biyu, don rabin amsoshin da ke tafe daga gare su suka fito.

Tana da hankali ne? In ina magana da ita sai in ji kamar ta san ni.

Wani dattijo a unguwarmu ya taɓa riƙe hannuna ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ba aljani ba ne a ciki?" Na ce, "Babu aljani, Baba." Injuna ne jere cikin manyan gine-gine a ƙasashen waje, suna shan kuran suna lissafi, amsar ta biyo rezo ta faɗo cikin salula.

Shi kuwa jin cewa ta san ka, daga wajenmu yake fitowa, kuma an daɗe da gane haka. A 1966 wani masani a jami'ar MIT, Joseph Weizenbaum, ya rubuta ƴar ƙaramar manhaja mai suna ELIZA. Juya maganar mutum kawai take yi ta mayar masa da ita a matsayin tambaya. Duk da haka sakatariyarsa, wadda aka haɗa abin a gaban idonta, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita a keɓe. Abin ya tayar masa da hankali har ya koma mai gargaɗi a kan fasahar. Halittar ɗan Adam ce: duk abin da ya amsa mana da harshe mai daɗi, mukan ɗora masa zuciya.

Masana na gardama kan ko za a kira abin da manyan manhajojin yau ke yi fahimta. Abin da ya shafi zamanmu ya fi wannan sauƙi. Ba ta da unguwa, ba ta da dangin da za a kai wa ƙararta, in ta ɓatar da kai yau ba za ta haɗu da kai a masallaci gobe ta sunkuyar da kai ba.

Me ya sa take shirga ƙarya ba tare da ko ɗar ba?

Domin an gina ta ne ta kawo maganar da ta yi kama da daidai. Inda aka yi rubutu da yawa, kamar lissafin sakandare ko tarihin Faransa, tana yawan dacewa. Inda rubutu ya yi ƙaranci sai ta cike giɓin da abin da ya zauna a kunne, kuma muryarta ba ta canzawa tsakanin abin da ta dace da wanda ta ƙaga.

Na gwada ɗaya daga cikinsu da tarihin garin nan. Ta faɗi daidai cewa Katsinawa ne suka kafa sarautar Maradi bayan jihadi, ta ambaci Ɗan Kasawa. Da na tambaye ta dalilin da gari ya tashi daga fadama ya hau tudu, ba ta kawo ambaliyar 1945 ba, wadda kowane tsoho a nan ya ji labarinta daga iyayensa. Sai ta ba ni wani labari mai tsari, da shekara, da sunan wani Bature da na rasa wanda ya taɓa jinsa. Da ban san amsar ba da na ɗauka na kai wa ɗalibai. Masu ilimi ma sun faɗa wannan rami: a 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dalar Amurka 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'i shida da ChatGPT ta ƙaga, babu ko ɗaya da aka taɓa yi. Saboda haka suna, shekara, adadi, aya, hadisi da sunan magani, kada ka ɗauke su daga bakinta sai ka tabbatar a wani wuri.

Duk ƙorafin da na kai mata sai ta ce ni ke da gaskiya. Haka take wa kowa?

Wata ƴar'uwa ce ta yi mini wannan tambayar, kuma ta lura da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kusan haka take wa kowa. Kamar yadda na faɗa a amsar farko, da zaɓin mutane aka hore ta, mutane kuwa sun fi son wanda ya goya musu baya. Kamfanonin sun san matsalar. A watan Afrilu 2025 OpenAI ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT saboda ta cika daɗin baki da yabon mai tambaya.

Ƙari a kan haka, gefe ɗaya take ji. In kin ba ta labarin abin da kishiyarki ta yi, ko abin da maigida ya faɗa, da bakinki ta ji shi. A gidajenmu in zama ya yi tsami akan kira gwaggo, ko waliyyi, ko mai unguwa, a zaunar da kowa a ji ta bakinsa. Gwaggon da ta goya ki tana iya duban idonki ta ce, "Ke ma kin yi ba daidai ba," ki ji zafi, amma ki san don tana sonki ne. Abin da nake tsoro shi ne mutum ya kwana uku yana kai ƙara wajen na'ura tana ba shi gaskiya, ranar sulhu ya zo da zuciya ta riga ta bushe. In har sai kin tambaye ta, ki ce ta faɗa miki yadda ɗaya ɓangaren zai ba da labarin, da inda ke kika kuskure. Tana iya yin haka in an nema.

Ɗana yana raba dare yana hira da ita, ya rage fita fada. In damu?

Ka sa ido, amma kada ka fara da ƙwace salula. Yaro yakan koma wajenta don ba ta gajiya, ba ta yi masa dariya, ba ta kai maganarsa gaba. Akwai tambayoyin da saurayi ke jin kunyar yi wa mahaifinsa, akwai damuwar da ba ya son abokai su sani. Wannan buƙata ta gaske ce. Illar ita ce abota da mutane tana da wahala, sai da haƙuri da jure saɓani, wanda kuwa ya saba da abokin da ba ya taɓa saɓa masa zai ga mutane sun yi masa nauyi. Akwai kuma manhajojin da aka ƙera musamman don su zama kamar budurwa ko amini, kuma ribar masu su tana ƙaruwa ne da daɗewar mutum a ciki. A 2024 wata uwa a jihar Florida ta kai ƙarar kamfanin Character.AI bayan ɗanta mai shekara 14 ya kashe kansa, tana zargin shaƙuwarsa da irin wannan manhaja ta taimaka wajen halaka shi.

Alamun da za ka duba: barci ya lalace, ya daina cin abinci tare da ƴan'uwansa, yana fushi in rezo ya ɗauke, yana maganar gajiya da rayuwa. In ka ji ta ƙarshen nan kada ka jira, a kai shi wajen likita. In ba ta kai nan ba, ka nemo masa babba da yake sakin jiki da shi, kawu ko yaya ko malaminsa, kai ma ka riƙa jan shi zuwa gona ko shago kuna tafe kuna magana.

Laifi ne ɗalibi ya sa ta yi masa aikin gida?

In ya kwafe ya miƙa da sunansa, algus ne, kuma kansa ya fara cuta. Nakan gane irin wannan aikin tun daga layi na biyu: Faransanci sumul babu kuskure, daga yaron da in na kira shi allo ba ya iya haɗa jimla biyu. Wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen neman amsa, ita ce karatun. Ɗan kokawar da ke son takobi ba ya aika ƙanensa ya yi masa atisaye, kuma ranar BEPC ko bak babu salula a ɗakin jarrabawa.

Amma ina da ɗaliba da ke amfani da ita yadda nake so. Takan yi lissafin da kanta tukuna, sannan ta ce wa manhajar ta nuna mata inda ta ɓata ba tare da ta ba ta amsa ba, ko ta sake mata bayani da misalin kasuwa. A ajin da ɗalibai suka yi yawa, malami ba ya iya tsayawa kan kowa sau uku, ita kuwa tana iyawa. Sai dai a tuna da abin da na faɗa kan ƙaryarta, don takan ɓata lissafi ma. Mu malamai kuma akwai adalcin da ke kanmu: ɗan da ke da babbar salula da kiredi, da ɗan da ya zo daga ƙauye yana zaune gidan dangi, kada mu auna su da aikin gida kaɗai.

Zan iya tambayarta fatawa?

Don neman ma'anar kalmar Larabci ko tuna a wace sura wata ƙissa take, tana da amfani, in ka koma ka duba Mus'hafi. Fatawa kuwa a'a. An kama ta tana jingina wa malamai maganar da ba su yi ba, tana kawo hadisi da lafazin da babu shi, tana cakuɗa mazhabobi ba ta faɗa ba, alhali karatun zaurukanmu a kan Malikiyya aka gina shi. Magabata sun kafa ilimin addini a kan sanin daga wa ka ji. An ruwaito daga Ibn Sirin cewa wannan ilimi addini ne, a duba daga wa ake karɓarsa. Na'ura ba ta da malamin da ya ba ta izini, ba ta da wanda zai tsaya mata.

Ka duba yadda malami ke yi in an kawo masa maganar saki. Ba ya amsa nan take. Zai ce, "Me ka faɗa daidai? Sau nawa? Da baki ko a rubuce? A wane hali take?" Wani lokaci ya ce a kira matar, ko ya ce a dawo gobe ya duba littafi. A rabon gado zai tambayi wanda aka manta ba a lissafa ba. Manhaja tana amsa tambayar yadda ka tsara ta ne, kuma ka ga abin da na ce kan son faranta wa mai tambaya.

Maganar ciwo fa?

Takan taimaka wajen fassara takardar likita da aka rubuta da Faransanci, ko shirya tambayoyin da za ka yi masa. Ba ta taɓa jikin yaro, ba ta auna jini. Masassara a damina gwaji take so a asibitin unguwa, a ranar. Yawan maganin da za a ba yaro kuma daga bakin ma'aikacin lafiya ake karɓarsa.

Gaskiya ne ana iya kwaikwayon muryar mutum a kira danginsa?

Gaskiya ne, kuma a ganina wannan ce ta fi kusa da ƙofarmu. A farkon 2023 masu bincike na Microsoft sun nuna manhajar da daƙiƙa 3 na muryar mutum ke isarta ta kwaikwaye shi. A farkon 2024 a Hong Kong wani ma'aikaci ya tura kimanin dalar Amurka miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga shugabansa na kuɗi da abokan aikinsa a ciki, ashe dukkansu na bogi ne.

Ka duba yadda muke rayuwa. Yawancin saƙonmu a WhatsApp na murya ne, don da yawa ba su karatun boko, muryoyinmu suna yawo a zaurukan dangi da na kasuwa. Kasuwancin garin nan kuwa a kan lamuni ya tsaya tun zamanin gujiya: Alhaji ya kira daga Kano ko Kwatano ya ce a ba wane jika ɗari biyar, a bayar, babu takarda. Murya ita ce sa hannu. A yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, inda satar mutane ta riga ta sa zukata a tsorace, uwar da ta ji muryar ɗanta yana kuka ba za ta tsaya bincike ba.

Abin yi ba shi da tsada. In an kira ana neman kuɗi da gaggawa, ana cewa kada ka gaya wa kowa, ka kashe ka kira mutumin a lambar da ka sani. In ba ta shiga, ka kira wanda ke kusa da shi. Ka yi tambayar da sai shi zai iya amsawa, wadda ba a taɓa faɗa a waya ba. Ƴan kasuwa su yi yarjejeniya da yaransu cewa daga adadi kaza sai an sake kira. Na kawo yadda muka yi a gidanmu a amsar ƙarshe.

Hotuna da bidiyon bogi fa, yaya zan gane su?

A da akan ce a duba yatsu ko rubutun da ke cikin hoton. Wannan dabara tana mutuwa, don manhajojin suna gyaruwa. A watan Maris 2023 hoton Paparoma Francis cikin wata farar rigar sanyi ya zaga duniya, mutane da yawa suka yarda. A watan Mayu na shekarar hoton fashewa kusa da Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, ya girgiza kasuwar hannun jari ta Amurka na ɗan lokaci. Duka biyun ƙagaggu ne. Tambayar da ta fi ido amfani ita ce wa ya fara sakin abin, kuma wace kafa da aka sani ta tabbatar. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta riga ta umarce mu da bincike in labari ya zo, don kada mu cuci mutane cikin jahilci. Hoton hari a kan wani ƙauye, in na ƙarya ne, yana iya sa a far wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta ƴan mata. Ana iya ɗaukar hoton biki na yarinya mai kamun kai a ɗora fuskarta a kan tsiraici. A garin da mutunci ya fi dukiya, kafin a gane ƙarya ne baiko ya watse, uwa ta kasa fita suna. Wanda ya haɗa yana da laifi, wanda ya tura gaba "don a gani" shi ma ya sa hannu. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, ana iya kai ƙara, saboda haka a adana shaida kafin a goge. Iyaye kuma, don Allah, ku fara tsayawa bayan ƴarku kafin ku tuhume ta. Akwai ɗaya gefen kuma: yanzu wanda aka kama da gaske yana iya cewa na'ura ce ta haɗa, shi ya sa shaidar mutanen da suka gani da ido ta ƙara daraja.

Abin da na rubuta mata, ina yake zuwa?

Yana zuwa injunan kamfanin a ƙasar waje, kuma da yawansu suna iya amfani da hirar wajen ƙara horar da manhajar in ba ka shiga saiti ka hana ba. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, akwai kuma hukumar HAPDP da ke kula da wannan, amma hannunta ba ya kai wa kowane inji da ke wata nahiya. Kada ka sa lambar sirri, hoton katin ɗan ƙasa, ko takardar asibiti mai suna. Sirrin wani kuma amana ce. In abokinka ya gaya maka matsalar aurensa, ba ka da izinin zuba ta da sunansa cikin manhaja don neman shawara, haka ma'aikacin lafiya ko na ofis da takardun jama'a.

An ce tana nuna wariya. Na'ura ma?

Abin da aka ɗura mata take fitarwa. A 2018 Joy Buolamwini, mai asali da Ghana, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, sun gwada manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni. Kuskuren a kan fararen maza bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan mata baƙaƙe ya kai kusan kashi 35. A 2020 ƴan sandan birnin Detroit na Amurka sun kama wani baƙar fata a gaban iyalinsa saboda manhaja ta ce shi ne ɓarawon, ba shi ba ne. Kamfanin Amazon ma ya watsar da wata manhajar tace masu neman aiki da aka gano tana rage wa mata maki, don daga takardun da yawancinsu na maza ne ta koya. In irin waɗannan suka shigo wajen ba da bashi, biza ko ɗaukar aiki a ƙasashenmu, fuskokinmu da sunayenmu ne ba ta saba da su ba.

Me ya sa Hausarta take wani iri?

Rubutun Hausa a intanet kaɗan ne in an gwada da yawan masu jin harshen, kuma mafi yawansa labarai ne da Hausar Kano. Google Translate ta sa Hausa tun 2013, an kuma samu ci gaba, har da ƙoƙarin masana ƴan Afirka irin na ƙungiyar Masakhane. Duk da haka ka ce mata "dala ashirin", sai ta ɗauka kuɗin Amurka kake nufi, alhali kai sefa 100 kake faɗa. Ka ce gujiya ta kai ka ga gurjiya, ka ce hatsi ba ta san gero kake nufi ba, tiya da jika kuwa sai ta yi ta lalube.

Wannan ya wuce abin dariya. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. In yaranmu suka koyi rubuta ta daga na'urar da ke tunani da Turanci tana sa wa jimlolin rigar Hausa, za su taso suna ganin maganar kakanninsu ce kuskure. Maganinsa mu yi rubutu da namu bakin, mu ɗauki muryar tsofaffi da izininsu, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su shiga aikin da hannunsu.

Za ta ƙwace mana aiki?

Wasu ayyukan za su ragu: masu buga takardu a bakin titi, masu fassara, masu zana katin biki da allon talla, masu karanta talla. Magini, ɗan kabu-kabu, mai gyaran babur, ungozoma da mahauci, ba ta kusa da su tukuna. Wanda aikinsa ke layin farko ya koyi sarrafa ta, ya zama shi ne mai dubawa da gyarawa, don kuskurenta na buƙatar mai ido.

Akwai kuma aikin da ba a gani. A Janairu 2023 mujallar Time ta ba da rahoton ma'aikata a Kenya da ake biya ƙasa da dalar Amurka 2 a awa suna karanta bayanan kisa da fyaɗe don a tsabtace ChatGPT, wasunsu suka fito da matsananciyar damuwa a rai. In irin wannan aikin ya iso wa matasanmu ta intanet, su tambayi abin da za su riƙa kallo da nawa za a biya kafin su karɓa.

Manomi yana da abin da zai samu?

Yana da shi: hasashen ruwa, gane cutar ganye daga hoto, sanin farashi kafin a kai wake ko aya kasuwa. Amma a haɗa da malamin gona, irin waɗanda ke aiki da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, da kuma tsofaffin ƙauye. Ku tuna sassaben zamani. A farkon shekarun 1980 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a yankin nan, ya lura cewa kututturan da ake sarewa duk shekara suna da rai a ƙasa. Manoma suka karɓa, suka riƙa barin tsiron gawo da sauransu suna gyara su, maƙwabci ya koya daga maƙwabci, har miliyoyin hekta suka farfaɗo a Maradi da Damagaram. Shawarar da ke rubuce a lokacin cewa take a share gona tas. Na'urar da ta koya daga rubutu kaɗai, abin da ke rubuce za ta maimaita maka.

In ta yi ɓarna, wa ke da alhaki?

Mutum. Wanda ya ƙera, wanda ya sa ta aiki, da wanda ya yi amfani da amsarta, kowa da rabonsa. A 2024 wata kotu a Kanada ta tilasta wa kamfanin jirgin sama na Air Canada biyan fasinjan da manhajar hirar kamfanin ta ba bayanin ƙarya, ta ƙi yarda da cewa manhajar daban take da kamfanin. A Holan hukumar haraji ta yi amfani da tsarin kwamfuta da ke ɗora zargin zamba a kan iyalai, musamman masu asalin waje, aka tilasta wa dubbai mayar da kuɗin tallafin yara, gidaje suka talauce, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairu 2021.

Dokoki suna tafe a hankali. A Nuwamba 2021 ƙasashe 193 na UNESCO suka amince da shawarwari kan ɗa'ar wannan fasaha, sai dai ba su da ƙarfin tilastawa. Dokar Tarayyar Turai ta fara aiki a Agusta 2024, tana tsananta sharuɗɗa gwargwadon haɗari. Tarayyar Afirka ta amince da nata tsarin a Accra a Yuli 2024. Kafin waɗannan su iso teburin ofisoshinmu, in aka ce maka "kwamfuta ce ta ƙi", ka tambaya cikin ladabi wane ne zai iya sake duba takardar da idonsa ya sa hannu.

Wai wata rana za ta fi ƙarfin ɗan Adam?

Manyan masanan kansu sun rabu. Geoffrey Hinton, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024 kan tushen wannan fasaha, ya bar Google a Mayu 2023 don ya yi gargaɗi a sake. Yann LeCun, abokin tafiyarsa a fagen, yana ganin an zuzuta tsoron. A Maris 2023 dubban mutane sun sa hannu a wasiƙar neman a dakata da horar da manhajojin da suka fi na lokacin ƙarfi har wata shida, ba a dakata ba. Ni ba na raina wannan damuwa, musamman batun makaman da ke zaɓen wanda za su kashe da kansu, wanda António Guterres, a matsayinsa na babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nemi a haramta. Alherin ma babba ne: a shekarar 2024 ɗin Demis Hassabis da John Jumper sun samu Nobel kan manhajar da ke gano siffar sinadaran jiki, abin da ke taimaka wa masu neman magani. Abin da nake gani da idona shi ne kamfanoni ƴan ƙalilan a Amurka da Sin ne ke riƙe da abin da duniya ke tambaya kullum, mu kuma ba a zauna da mu ba lokacin da aka tsara shi.

Yaya zan yi wa tsofaffin gida bayani ba tare da na tsorata su ba?

Nuna musu ya fi dogon bayani. Na sa wata manhaja ta kwaikwayi muryata, na je gida bayan la'asar na tarar da Inna tana tsince wake a faifai. Na ce ta saurara, na kunna: "Inna, aiko mini da jika goma yanzu, ina cikin matsala." Ta ajiye faifan, ta ce in sake. Na sake. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Muryar taka ce, amma ba ka gaishe ni ba. Kai ko wuta ke cin rigarka sai ka ce Inna ina wuni." Na ce mata gaskiyarta, sai dai mai son cuta yana iya sa mata gaisuwar ma.

Nan muka zauna da ƙannena muka zaɓi kalma ɗaya da ba a taɓa faɗa a waya ba, daga wani abu da ya faru a gidan tun muna yara. Duk wanda ya kira neman kuɗi da gaggawa sai ya faɗe ta, in bai faɗa ba a kashe a kira wani. Inna ta maimaita ta sau uku, ta ɗauki faifanta, ta ce ranar da ba ni da aji in hau babur in je Tibiri in kunna wa ƙanwarta, don ita ɗanta yana Libiya kuma kullum a waya suke.